Mohamed Nasheed da Gwagwarmayar Dimokuraɗiyya a Tsibiran Maldives

Ƙasar Maldives tarin ƙananan tsibirai ce kusan 1,200 da ke shimfiɗe a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, waɗanda ƙasa da 200 daga cikinsu ne kawai ke da mazauna na dindindin, kuma tsibiran sun jeru ne rukuni-rukuni a siffar zobe bisa duwatsun murjani. Jama'ar ƙasar ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba, fiye da sulusinsu kuma suna cunkushe a Male, babban birnin ƙasar, wanda mai tafiya a ƙasa zai iya zagaye shi cikin sa'a ɗaya ko biyu. Musulmi ne tun shekarar 1153 bisa ga abin da tarihinsu ya ajiye, suna kuma magana da harshen Dibehi da ake rubutawa daga dama zuwa hagu. Duk da nisan da ke tsakani, ƙasar Hausa ta daɗe tana riƙe da wani abu na waɗannan tsibirai a hannunta, domin farin wurin nan da aka yi ta ciniki da shi a kasuwannin Kano da Katsina, wanda jam'insa ne ya zama kalmar kuɗi, daga gaɓar Maldives aka riƙa kamo mafi yawansa kafin wurin Zanzibar ya cika kasuwa a ƙarni na 19.

Sarakuna masu laƙabin sultan ne suka mulki tsibiran ɗaruruwan shekaru, kuma ko da ƙasar ta shiga ƙarƙashin kariyar Birtaniya a 1887, Turawa ba su tsoma baki sosai a harkokin cikin gida ba, har aka sami 'yancin kai ranar 26 ga Yuli, 1965, aka kuma soke sarautar a 1968 aka kafa jamhuriya ƙarƙashin Ibrahim Nasir. Wanda ya gaje shi a 1978 shi ne Maumoon Abdul Gayoom, wato Ma'amun Abdulƙayyum, malami ɗan Jami'ar Azhar ta Masar wanda ya koyar da darussan addinin Musulunci a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano tsakanin 1969 da 1971, lokacin tana reshen Jami'ar Ahmadu Bello. Gayoom ya yi shekara 30 a kan mulki, kuma adalci ne a ce a zamaninsa ne yawon buɗe ido, wanda aka fara a 1972, ya zama ginshiƙin arzikin ƙasa, ilimi ya bazu zuwa tsibirai masu nisa, shi ne kuma ya fara kai kukan tumbatsar teku gaban Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1987. Sai dai tsarin da ya yi mulki da shi bai bar wa kowa ƙofar takara ba: majalisar dokoki, wadda shi ke naɗa mambobi 8 daga cikin 50 nata, ita ke tsayar da mutum guda, sannan a tambayi jama'a ko sun yarda ko ba su yarda ba a ƙuri'ar raba-gardama. Babu jam'iyyun siyasa, kuma abin da ya fi muhimmanci ga wannan tarihi shi ne cewa shugaban ƙasa ne ƙololuwar ɓangaren shari'a, shi ke naɗa alƙalai shi ke sauke su, kuma babu wata Kotun Ƙoli da ke sama da maganarsa.

A cikin wannan yanayi ne Mohamed Nasheed, wanda mutanen ƙasarsa suka fi sani da Anni, ya fara siyasa. An haife shi a Male ranar 17 ga Mayu, 1967, a gidan masu hali, ya yi karatu a Siri Lanka da Ingila, inda ya kammala digiri a fannin harkokin sufurin teku a birnin Libaful a 1989. Da ya dawo gida sai ya kama aikin jarida, ya shiga cikin matasan da suka kafa mujallar Sangu a 1990, sunan da ke nufin ƙaton dodon-koɗin da ake busawa a tsibirai don tara jama'a. Mujallar ba ta yi nisa ba gwamnati ta haramta ta, aka kama Nasheed aka tsare shi a tsibirin Dhoonidhoo da ke kusa da Male, inda ya sha bayyana cewa an azabtar da shi an kuma kulle shi shi kaɗai tsawon watanni 18. A 1991 ƙungiyar Amnesty International ta sanya shi cikin fursunonin ra'ayi, wato mutanen da aka ɗaure saboda abin da suka faɗa ko suka rubuta ba tare da sun ɗaga makami ba. Shekarun 1990 duka ya yi su ne tsakanin gidan yari, ɗaurin talala da 'yar sararawa, har da hukuncin shekara biyu a 1996 kan wata maƙala da ya rubuta game da yadda aka gudanar da zaɓe, kuma a zaman tsarewa ne ya duƙufa kan nazarin tarihin sarautar ƙasarsa har ya rubuta littattafai a kai.

A 1999 mutanen Male suka zaɓe shi ɗan majalisa, kuma a farkon 2001 yana cikin mutum 42 da suka nemi a yi wa jam'iyyar siyasa rajista, buƙatar da gwamnati ta yi watsi da ita. Kafin shekarar ta ƙare an tuhume shi da satar wasu 'yan takardu daga tsohon gidan Ibrahim Nasir, tuhumar da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ɗauka ƙage ne, aka kore shi zuwa wani ɗan tsibiri mai nisa, daga baya kuma aka raba shi da kujerarsa. Korar mutum zuwa tsibirin da ba shi da kowa a cikinsa tsohon hukunci ne da sarakunan Maldives suka daɗe suna amfani da shi, domin a ƙasar da teku ke kewaye da kowace unguwa ba a buƙatar katanga kafin a tsare mutum.

Abin da ya girgiza mulkin Gayoom daga gidan yari ya ɓullo. Ranar 19 ga Satumba, 2003, jami'an tsaro a kurkukun Maafushi suka yi wa wani fursuna ɗan shekara 19 mai suna Evan Naseem dukan da ya zama ajalinsa, aka kawo gawar Male da niyyar a binne ta cikin gaggawa, amma mahaifiyarsa ta ƙi, ta yaye mayafin da aka lulluɓe shi da shi domin duk wanda ke wurin ya ga shatar duka a jikin ɗanta da idonsa. A gari irin Male, inda kusan kowa ya san dangin kowa, labarin bai buƙaci jarida ba. Washegari matasa suka fantsama kan tituna suka ƙona ofisoshin jami'an tsaro da wasu gine-ginen gwamnati, a kurkukun kuma masu gadi suka buɗe wuta kan fursunonin da suka yi bore, mutum uku suka ƙara rasa rayukansu. Nasheed ya fice zuwa Siri Lanka, inda shi da Mohamed Latheef da wasu 'yan gudun hijira suka kafa jam'iyyar MDP a birnin Kolombo a watan Nuwamba na wannan shekara, daga baya kuma Birtaniya ta ba shi mafakar siyasa.

Daga nan al'amura suka riƙa zuwa da sauri. A tsakiyar 2004 Gayoom ya yi alkawarin gyara tsarin mulki, amma a watan Agusta jami'an tsaro suka tarwatsa dubban mutanen da suka taru a Dandalin Jamhuriya aka kuma kafa dokar ta-ɓaci. Sai igiyar ruwa ta tsunami ta 26 ga Disamba ta yi ɓarnar da ta haura rabin abin da ƙasar ke samarwa a shekara, lamarin da ya sa gwamnati ta dogara da tallafin ƙasashen Turai, su kuwa suka haɗa tallafin da matsin lambar a buɗe fagen siyasa. Nasheed ya dawo gida a ƙarshen Afrilu 2005, a watan Yuni aka halatta jam'iyyu, a watan Agusta kuma aka sake kama shi yana zaune a Dandalin Jamhuriya don tunawa da abin da ya faru a wurin shekara guda kafin nan, aka tuhume shi da ta'addanci da tayar da zaune tsaye, ba a kuma sake shi ba sai a Satumbar 2006. Ƙarfinsa a wannan zango ya ta'allaƙa ne ga abu biyu, wato rashin tsoron kamu, wanda ya cire wa matasa fargabar da ta daɗe tana daƙile su, da kuma juriyar bin tsibirai ɗaya bayan ɗaya cikin jirgin ruwa yana kafa rassan jam'iyya a wuraren da ba su taɓa ganin taron siyasa ba.

Sabon tsarin mulkin da aka rattaba wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2008 ya raba iko tsakanin ɓangaren zartarwa, majalisa da kotuna, ya taƙaita mulkin shugaba zuwa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma kafa Kotun Ƙoli. Jam'iyyar MDP ta so tsarin firaminista ne, inda majalisa ke fitar da shugaban gwamnati daga cikinta, amma ƙuri'ar raba-gardama ta 2007 ta zaɓi tsarin shugaban ƙasa, kuma wannan buri da bai cika ba zai sake tasowa a rayuwar Nasheed bayan shekaru masu yawa. A zagayen farko na zaɓen Oktoba 2008 Gayoom ya sami kimanin kashi 40 cikin ɗari, Nasheed kuma kashi 25, amma da yake babu wanda ya haura rabi sai aka je zagaye na biyu ranar 28 ga wata, sauran 'yan takara suka mara wa Nasheed baya, ya yi nasara da kusan kashi 54. Gayoom ya amince da kaye, aka rantsar da sabon shugaba ranar 11 ga Nuwamba yana da shekara 41, kuma bai gurfanar da wanda ya gada a gaban kotu ba duk da abin da ya sha a hannun gwamnatinsa.

Wannan kashi 25 na zagayen farko shi ne ainihin ƙarfin Nasheed a lokacin, ragowar kuwa aro ne daga mutanen da ƙin Gayoom kawai ya haɗa su da shi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ɗaya daga cikinsu, attajiri Gasim Ibrahim, ya ajiye muƙamin ministan cikin gida bayan 'yan makonni, wani daga cikinsu kuma, Hassan Saeed, ya bi sahu ba da jimawa ba, a zaɓen majalisa na Mayu 2009 kuma jam'iyyar Gayoom ta sami kujeru 28 cikin 77 yayin da MDP ta tashi da 26, abin da ya ba 'yan adawa da ƙawayensu rinjaye. Takun-saƙar ta kai ga dukkan ministoci sun yi murabus a rana guda a ƙarshen Yuni 2010 bisa zargin majalisa da hana gwamnati aiki. Duk da haka gwamnatin ta yi ayyukan da talaka ya gani a ƙasa: kuɗin wata-wata ga duk wanda ya haura shekara 65, inshorar lafiya ta kowa da kowa mai suna Aasandha, jiragen fito na haya da suka haɗa tsibirai, zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2011, da kuma izinin buɗe masaukin baƙi a tsibiran da mutane ke zaune, wanda ya kawo ƙarshen tsarin da ya keɓe ribar yawon buɗe ido ga masu manyan otal-otal a tsibiran da ba kowa. Ta kuma ɗora haraji kan kasuwancin otal-otal da ribar kamfanoni, matakin da ya jawo mata ƙiyayyar attajiran da suka saba cin karensu babu babbaka, yayin da rage albashin ma'aikata a 2009 da sassauta darajar kuɗin ƙasar a 2011 suka jawo tsadar kaya da fushin talakawan birni.

A waje kuwa sunan Nasheed ya yi tashe ne kan batun sauyin yanayi, wanda ga Maldives magana ce ta rayuwa ko halaka, tun da matsakaicin tudun ƙasar bai wuce mita ɗaya da rabi a saman teku ba. Ranar 17 ga Oktoba, 2009 ya jagoranci ministocinsa suka sa kayan nutso, kowa da tukunyar iskar shaƙa a bayansa, suka sauka 'yan mitoci a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Girifushi, suka zauna a tebura da aka jera a kan yashin teku, suna magana da hannu kamar kurame, kifaye na gilmawa ta tsakaninsu, suka sa hannu kan takardar da ke kiran ƙasashen duniya su rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Hoton ya zagaye duniya makonni kaɗan kafin taron yanayi na Kofenhagen, kuma a wannan shekara ne aka kafa a Maldives ƙungiyar ƙasashen da sauyin yanayi ya fi yi wa barazana, wadda ake taƙaita sunanta da CVF. Wannan ƙwarewa ta jan hankalin duniya ta amfani ƙasar ƙwarai, sai dai ba ta ƙara masa ko kujera ɗaya a majalisa ba.

Ƙullin da ya gagara kwancewa shi ne na kotuna. Sashe na 285 na tsarin mulki ya ba Hukumar Kula da Alƙalai shekara biyu ta tantance dukkan alƙalan da aka gada daga zamanin Gayoom, ta sallami waɗanda ba su cika sharuɗɗan ilimi da ɗabi'a ba, amma a watan Agusta 2010 hukumar, wadda alƙalai da 'yan siyasar adawa suka yi wa rinjaye, ta sake rantsar da kusan dukkansu a matsayin na dindindin, ciki har da masu ƙarancin karatu da waɗanda ake da ƙorafi a kansu. Aishath Velezinee, wakiliyar shugaban ƙasa a hukumar, wadda ta fito fili ta ce an yi wa tsarin mulki karan tsaye, an daɓa mata wuƙa a kan titin Male a farkon 2011, Allah ya yi da sauran kwananta. Ma'anar wannan ita ce mutanen da a da suke karɓar umarni daga fadar shugaban ƙasa sun sami 'yancin kai a shari'ance ba tare da an tace su ba, kuma 'yancin da aka tanada domin kare talaka daga mai mulki ya koma garkuwar tsofaffin masu mulki da attajiran da ke tare da su.

A ƙarshen 2011 'yan adawa suka ƙara da makamin addini, inda ranar 23 ga Disamba suka yi gagarumin gangami da sunan kare Musulunci, suna zargin gwamnati da sassauci ga Isra'ila da kuma barin gumaka su shigo ƙasa da sunan kyaututtukan taron ƙasashen Kudancin Asiya. Cikin wannan zafi ne, ranar 16 ga Janairu, 2012, sojoji suka kama Abdulla Mohamed, babban alƙalin kotun manyan laifuka, suka tsare shi a Girifushi, tsibirin nan da aka yi zaman ƙarƙashin ruwa. Ƙorafin gwamnati a kansa yana da tushe, domin Hukumar Kula da Alƙalai da kanta ta same shi da saɓa ƙa'idar aiki kafin wata kotu ta hana a hukunta shi, kuma ana zarginsa da toshe shari'o'in cin hanci da suka shafi manyan tsohuwar gwamnati. Amma tsare alƙali a barikin soja ba tare da tuhuma ba, da yin kunnen uwar shegu da umarnin Kotun Ƙoli na a sake shi, saɓa wa tsarin mulki ne ƙarara, kuma abin takaici ne cewa mutumin da ya fi kowa sanin ɗacin tsarewa ba bisa ƙa'ida ba shi ne gwamnatinsa ta aikata haka. Wannan shi ne kuskure mafi tsada a rayuwarsa ta siyasa, domin ya miƙa wa abokan hamayyarsa hujjar da ba su da ita a da.

Bayan makonni uku ana zanga-zanga kowane dare, 'yan sanda suka yi bore a daren 6 ga Fabrairu suka mamaye Dandalin Jamhuriya, wasu sojoji suka bi su, aka kuma ƙwace gidan talabijin na gwamnati. Da rana ta 7 ga wata Nasheed ya bayyana murabus ɗinsa a talabijin, yana cewa ba ya son ci gaba da mulki ta hanyar amfani da ƙarfi, aka rantsar da mataimakinsa Mohamed Waheed a yammacin ranar. Washegari Nasheed ya ce tilasta masa aka yi da bakin bindiga, magoya bayansa suka fito, 'yan sanda suka far musu da duka. Indiya da Amurka sun yi saurin amincewa da sabuwar gwamnati, kwamitin binciken da Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ta mara wa baya kuma ya yanke a watan Agusta cewa ba juyin mulki aka yi ba, ko da yake wakilin Nasheed a kwamitin ya fice kafin a fitar da rahoton. Ko wane suna aka ba abin da ya faru, zaɓaɓɓen shugaba na farko a tarihin ƙasar ya sauka ne a ranar da masu ɗamara suka ƙi bin umarninsa.

Zaɓen 2013 ya nuna ƙarara inda ikon gaske ya koma. A ranar 7 ga Satumba Nasheed ya zo na ɗaya da kashi 45 a zaɓen da masu sa ido na ciki da waje suka yaba, amma Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 4 a kan 3, ta soke sakamakon bisa wani rahoton sirri na 'yan sanda da ba a nuna wa hukumar zaɓe ba, ta kuma gindaya sharaɗin cewa sai 'yan takara sun sa hannu a kan rajistar masu zaɓe, wanda ya ba kowane ɗan takara damar hana zaɓe ta hanyar ƙin sa hannu. Da wannan hujja 'yan sanda suka hana zaɓen da aka shirya a Oktoba. Da aka sake a Nuwamba Nasheed ya ƙara zuwa na ɗaya da kusan kashi 47, sai dai a zagaye na biyu sauran suka haɗe masa kai, Abdulla Yameen, ƙanen Gayoom da suke uba ɗaya, ya yi nasara da ratar ƙuri'u kimanin 6,000. Nasheed ya karɓi kaye nan take, ya kuma hana magoya bayansa fita titi, matakin da ya cancanci a ajiye masa a tarihi daidai da yadda aka ajiye kuskurensa.

Batun alƙalin nan bai bar shi ba. A watan Fabrairu 2015 aka kama shi, aka ga 'yan sanda suna jan sa a ƙasa zuwa cikin kotu saboda ya tsaya zai yi magana da 'yan jarida, kuma cikin ƙasa da makonni uku, ranar 13 ga Maris, aka yanke masa ɗaurin shekara 13 bisa laifin ta'addanci, a shari'ar da biyu daga cikin alƙalanta uku suka taɓa ba da shaida a binciken ƙarar, aka kuma hana shi gabatar da shaidunsa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba ya ce ɗaurin haramtacce ne. A Janairu 2016 aka bar shi ya tafi Landan jinyar ciwon baya, ya sake samun mafaka a can, daga nan kuma ya ƙulla ƙawancen da ba wanda ya zata, da Gayoom ɗin da ya ɗaure shi, wanda a lokacin ya ɓata da ƙanensa, da Gasim Ibrahim, da jam'iyyar malamai ta Adhaalath. Ranar 1 ga Fabrairu, 2018 Kotun Ƙoli ta juya wa Yameen baya ta ba da umarnin sakin fursunonin siyasa, shi kuwa ya kafa dokar ta-ɓaci, ya tura jami'an tsaro suka kama Alƙalin Alƙalai da wani alƙali a cikin harabar kotun, aka kuma tsare Gayoom yana da shekara 80. Da yake hukuncin da ke kansa ya hana shi takara, Nasheed ya janye wa abokinsa tun ƙuruciya, Ibrahim Mohamed Solih, wanda ya kayar da Yameen da kashi 58 a Satumba 2018.

Nasheed ya dawo gida ranar 1 ga Nuwamba, Kotun Ƙoli ta soke hukuncinsa kafin watan ya ƙare, a Afrilu 2019 kuma MDP ta lashe kujeru 65 cikin 87, aka zaɓe shi kakakin majalisa. Da wannan rinjaye majalisar ta sauke ko ta maye gurbin kusan dukkan alƙalan Kotun Ƙoli cikin 'yan watanni. Da yawa daga cikinsu ba su da abin kare kansu, amma hanyar da aka bi ta ƙara tabbatar da al'adar cewa duk mai rinjaye a majalisa shi ke da kotu, alhali jam'iyyar ta yi alkawarin gyara tsarin hukumar alƙalan domin cire hannun 'yan siyasa daga cikinta, ba ta kuma cika ba. A daren 6 ga Mayu, 2021, cikin watan azumi, Nasheed yana fitowa daga gidansa ta wani siririn lungu zai shiga mota, sai bam ɗin da aka ɗaure a jikin babur ya tashi da shi. Likitoci sun shafe kimanin sa'o'i 16 suna cire ɓaraguzan ƙarfe daga jikinsa kafin a wuce da shi Jamus, 'yan sanda suka ɗora alhakin harin kan masu tsattsauran ra'ayin addini, wanda ya tayar da bam ɗin kuma ya amsa laifinsa aka ɗaure shi fiye da shekara 23.

Bayan harin dangantakarsa da Solih ta yi tsami, yana zargin gwamnati da sakaci kan masu tsattsauran ra'ayi da cin hanci, yana kuma matsa lambar a koma tsarin firaminista, buƙatar da masu sukarsa suka fassara da neman hanyar komawa kan mulki. Ya ƙalubalanci Solih a zaɓen fid da gwani na Janairu 2023 ya sha kaye da kashi 39 a kan 61, bai gamsu da sakamakon ba, a tsakiyar shekara kuma ya fice daga jam'iyyar da ya kafa, magoya bayansa suka kafa wata sabuwa mai suna The Democrats. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗan takararsu ya sami kashi 7 a zagayen farko, jam'iyyar ba ta mara wa kowa baya a zagaye na biyu ba, Mohamed Muizzu, ɗan takarar ɓangaren Yameen wanda ya yi yaƙin neman zaɓe kan fitar da sojojin Indiya daga ƙasar, ya yi nasara da kashi 54. Nasheed ya ajiye kujerar kakaki a Nuwamba kafin a kaɗa masa ƙuri'ar tsigewa, ya karɓi muƙamin babban sakataren ƙungiyar CVF, ya koma birnin Akra na ƙasar Gana inda hedikwatarta take. A zaɓen majalisa na Afrilu 2024 sabuwar jam'iyyar tasa ba ta sami ko kujera ɗaya ba, jam'iyyar Muizzu kuwa ta kwashe fiye da kashi biyu cikin uku na kujerun, kuma a watan Fabrairu 2025 Hukumar Kula da Alƙalai ta dakatar da alƙalai uku na Kotun Ƙoli ana dab da zaman sauraron ƙarar da ke ƙalubalantar wani gyaran tsarin mulki da gwamnatin ta yi, ɗaya ya yi murabus, majalisa ta sauke sauran biyun a watan Mayu.